Takin Jujin Mararaba

Tifar ta ja da baya har bakin katanga, ta ɗaga ƙugu, ta juye kayanta a filin da ke bayan ɗakunan Zakiyya a Karshi. Tun kafin ƙurar ta lafa Zakiyya ta san an cuce ta. Hancinta ne ya fara kawo mata labari: wani ɗoyi mai nauyi, haɗe da zarni da ƙaurin roba, ya bi ta maƙogwaro ya je ya zauna mata a ciki. Ta ja gefen mayafi ta toshe hanci, ta matsa kusa da tulin don ta gani da idonta.

Daga nesa baƙar ƙasa ce, irin wadda manomi zai gani ya yi hamdala. Daga kusa kuwa sai dai a ce Allah ya kiyaye. Ledar fiya wata ta kusa fin ƙasar yawa. Ga famfas na jarirai sun kumbura sun yi suntum, ga gashin doki da aka tsefe daga kawunan mutane ya cukurkuɗe da ƙayar kifi, ga matattun batura, ga fasassun kwalabe. Har da wani takalmi ƙafa ɗaya da ya leƙo daga gefe, bakinsa a wangale.

"Malam, mene ne wannan ka kawo mini?" in ji Zakiyya.

Direban ya leƙo ta taga. "Taki mana, madam. Maigidanki ya ce na juji, na juji na kawo. Daga babban bolan Mararaba, wanda ya shekara. Ko a Maitama ba su samun irin wannan."

"A Maitama ai ko get ba za a bar ka ka wuce da shi ba."

Ya yi dariya, ya tsartar da yawu, ya ja motarsa ya bar ta da abinta.

Duk wannan masifa saboda Inna ce. Mahaifiyar Zakiyya, wadda a ƙauyensu na wajen Funtuwa kowa ke kira Maiturare saboda turaren wutar da ta shekara tana haɗa wa amare, ta zo Abuja ne tun farkon rani don a cire mata yanar ido. Likita ya duba ya ce ba zai taɓa idon ba sai sugan jininta ya sauka, kuma saukarsa ba aikin mako ɗaya ba ne. A can gida ba kowa sai ita da awaki. Bara ta faɗi a bakin rijiya, ta kwanta a rana har sai da wata maƙwabciya ta shigo aron turmi ta gan ta. Tun daga ranar Zakiyya ta ƙudurta a ranta cewa tsohuwar nan ba za ta sake yin damina ita kaɗai ba.

Ita kuwa Inna nata lissafin daban. Da zafi ya fara tsananta, mangwaro ya cika kasuwa, sai ta kira ɗiyarta ta ce, "Auta, ranar da aka yi ruwan fari a garin nan ki haɗa mini kayana. Ruwanmu yana bin naku a baya, ina so ya same ni a gida. Tun da na yi wayo damina ba ta taɓa wuce ni ban sa iri a ƙasa ba, ba kuwa zan fara a gidan suruki ba."

Zakiyya ta yi lallashi, ta yi kuka, ta kawo maganar ido, duk a banza. Da dabara ta ƙare mata sai ta kama hannun Inna ta kai ta filin baya, inda aka bari don ginin da har yau ba a yi ba. Ta ce ga gona nan, a yi daminar a nan. Inna ta durƙusa ta shafa ƙasar, ja ce wur, ga tsakuwa ga ɓarɓashin siminti.

"Wannan ai burji ne, ko ƙaya ba za ta yarda ta fito a nan ba. Sai dai in za a ba ta takin juji ta ƙoshi." Ta kakkaɓe hannunta. "In an yi haka kafin ruwa, to, na zauna. In ba a yi ba, kar ki tsare ni."

Badaruddeen, mijin Zakiyya kuma uban 'yarta Nabilah, shi ya karɓe zancen da zafinsa. Direba ne a wani gida a Maitama, amma ɗan ƙauye ne na wajen Zariya, kuma da aka ce takin juji sai ƙuruciyarsa ta dawo masa. Ya zauna yana ba da labarin jakai da mangala suna jigilar juji zuwa gona tun da rani, yadda dawa ke yin baƙi-ƙirin a inda aka zuba. Gaskiya ya faɗa. Sai dai jujin da shi da Inna suka sani toka ce da kashin awaki da ƙaiƙayi da ɓawon gyaɗa, abin da ƙasa ta bayar ake mayar mata. Ba wanda ya tsaya ya tambayi kansa me mutanen Abuja ke zubarwa. Ya buga waya ɗaya, ko zuwa dubawa bai yi ba, sai ga tifa.

Zakiyya na tsaye tana tunanin yadda za a kwashe wannan ƙazanta sai ta ji sandar Inna a bayanta.

"An kawo ne?"

Nan ne abin ya ƙara ɓaci. Matar da a da take tsayawa a zaure ta gaya maka irin icen da maƙwabta suka sa a murhu, wata muguwar mura ta ɗauke mata jin ƙamshi da wari shekarun baya, bai kuma dawo ba. Ido kuwa sai dishi-dishi. Ta zo gaban tulin nan da ko ƙuda sai ya yi shawara kafin ya sauka, ta ja numfashi hankali kwance. Ta sunkuya ta dumbuzo daga gefe, aka yi rashin sa'a hannunta ya faɗa inda ƙasar ta fi laushi. Ta murtsuke ta a tafin hannu, wata ƙatuwar gwazarma ta faɗo tana murɗa jiki.

"Madalla," in ji Inna, fuskarta ta washe. "Har da gwazarma. Ya ruɓe ke nan. Allah ya yi wa yaron nan albarka."

Zakiyya ta buɗe baki za ta ce Inna jefar, kashi ne da leda. Sai ta tuna jakar kayan da ke jingine a kusurwar ɗaki, wadda Inna ta ƙi yarda a kwance gaba ɗaya tun zuwanta. Ta haɗiye maganar tare da yawun da ya taru mata a baki.

"Inna, kar ki ƙara taɓawa tukuna. Akwai tsakuwa a ciki, sai na tankaɗe."

Ta kai ta ta wanke mata hannu da sabulu har sau biyu, Inna na mitar cewa mutanen birni sun mayar da ƙasa najasa.

Tankaɗen nan shi ne aikin da Zakiyya ba za ta manta ba har ta mutu. Wani kafinta ya haɗa mata rariyar waya mai faɗi. Ta sayi safar hannu da takunkumi. Da ta idar da sallar asuba sai ta fita, ta yi ta zuba shebur tana girgizawa har lokacin tafiya shagonta na atamfa a kasuwar Mararaba ya yi, in ta dawo da yamma ta ɗora. Abin da ke saura a kan rariyar ba ya faɗuwa a gaban mai cin abinci. Audugar mata, ƙunshin gashi, kan kaza da tsutsa ke fita ta idonsa, tsumman da ba ta so ta san abin da aka goge da shi. Famfas ɗin su suka fi ci mata rai, don ba sa ruɓewa, sai dai shebur ya huda su wani farin abu mai santsi ya tsiyayo. Rannan ta ɗaga wata leda sai ga sirinji da allurarsa, ta tona kaɗan sai ga 'yan'uwansa. Ta samo tsohon bokitin fenti ta riƙa tara su da kwalabe a ciki.

Warin ya bi ta ko'ina. Ta yi wanka ta ji shi a gashinta, ta je shago ta ji shi a cikin atamfa. Ta tuƙa tuwo ta kaɗa miyar kuka, da ta dubi miyar sai ta ture kwanon. Cikin ɗan lokaci zanenta ya fara zamewa daga ƙugu.

Badaruddeen ya taya ta sau ɗaya, ranar wata Asabar. Shebur uku ya yi, na huɗun ya fasa wani abu, ya jefar da shebur ɗin ya ruga bakin famfo yana kakari.

"Abban Nabilah, ina jakai da mangala?" in ji Zakiyya daga cikin takunkumi.

"Wallahi a garinmu ba haka yake ba."

"Ai na sani. Da ka je ka duba da ka sani kai ma."

"To a kira mai tifar ya kwashe mana. A gaya wa Inna gaskiya."

"Ka gaya mata, ka kuma kai ta tasha da hannunka."

Bai ƙara taɓa shebur ba. Daga ranar aiki ya yi masa yawa a Maitama.

Maƙwabciyarsu Madam Perpetual ita ma ba ta yi shiru ba. Ta hau kan bulo ta leƙo ta katanga, hanci a toshe. "Maman Nabilah, wannan wari ya kashe mu fa. Yarana ba ya iya cin abinci. Wane irin gona ne wannan, abeg?" Zakiyya ta ba ta haƙuri, ta roƙe ta kar ta yi zancen a gaban Inna. Perpetual ta dube ta daga sama har ƙasa, ta girgiza kai ta sauka.

Akwai wani abu kuma da ke damun Zakiyya fiye da wari. Likita ya ja mata kunne cewa suga ya kashe wa Inna jijiyoyin ƙafa, ko garwashi ta taka ba lallai ta ji ba, don haka kar a kuskura a bar ta ta taka ƙasa ba takalmi. Sai ta sayo takalmin roba mai dogon wuya, irin na masu aikin kwata, ta ajiye mata a ƙofar ɗaki. Inna ta lalube shi ta yi dariya har da tari.

"Wa ya taɓa shuka da wannan? Auta, sungumi ke sara, hannu ya jefa iri, diddige ya rufe. Diddigen ne ke sanin ko ramin ya rufu. In sa wannan ai sai in tattake gonar kamar saniya."

"To ni zan rufe miki. Ke ki jefa iri kawai."

"Ke da ba ki san gabas ɗin gona ba."

Zakiyya ta bar zancen a kan cewa ranar shuka tana nan, ba za ta matsa ko nan da can ba.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma yana watsewa. Iska ta canja. Inna ta fito da ƙullin irinta tana shanyawa, kuɓewa da rama da yakuwa da 'yar masara, kullum kuma sai ta tambaya ko an gama. Tulin kuwa ko rabi bai yi ba. Hannun Zakiyya ya yi kanta, bayanta ya riƙe, kuma ta kai inda ko ganin rariyar ba ta son yi. Wata safiya ta tsaya ta dubi abin da ya rage, ta dubi sama, ta ce ita kam ta gaji. Ta tsince abin da ido ke gani, ta baje sauran a filin yadda yake, ta kawo tankaɗaɗɗen ta shimfiɗa a sama. Ta ja kunya-kunya da fartanya. Da ta gama wurin ya yi kyau, baƙi sumul, kamar gonar kirki. Ta gaya wa kanta cewa abin da ke ƙasa ya binnu, kuma ai tana nan ranar shuka.

Ruwan bai yi shawara da ita ba. Ya sauko ranar wata Talata bayan azahar, tana shago tana auna wa wata mata yadi. Iska ta fara ɗaga rumfuna, sai ga shi kamar da bakin ƙwarya. 'Yan kasuwa na murna zafi ya karye, ita kuwa Inna ce ta faɗo mata a rai. Ta kira wayar Inna, tana ta ƙara ba a ɗauka ba. Ta kira Badaruddeen, ya ce yana filin jirgi da oga. Ta kira Perpetual, ta ce tana coci. Ta rufe shagon ta fito cikin ruwa.

Wanda ya san hanyar nan ya san abin da ruwan fari ke yi mata. Kwatoci suka amayo duk abin da aka cusa musu tun rani, ledoji na iyo a kan titi, motoci suka tsaya cak. Zakiyya na cikin bas a matse, tana kallon baƙin ruwan da ke wucewa da robobi, tana jin kamar ta sauka ta taka da ƙafa. Ba ta isa Karshi ba sai da la'asar ta yi sanyi, ruwan ya ɗauke.

Takalmin roba na nan a ƙofar ɗaki inda ta ajiye shi, ruwa ya taru a ciki.

Ta zagaya filin baya da gudu. An gama shuka. Ga sawun diddige nan a jere a kan kowace kunya, tsaf, tazararsu ɗaya kamar an auna, aikin wanda ya shekara saba'in yana yi. Ruwa ya kwanta a cikin sawayen. Na farkon ruwan baƙi ne. Daga tsakiyar filin zuwa ƙarshe kuwa ja ne.

Inna na zaune a kan kujera 'yar tsugunno a gindin katanga, zanenta jiƙe, tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Tun da ta zo Abuja Zakiyya ba ta taɓa jin ta tana waƙa ba.

"Auta ce? Kin makara, na gama. Ƙasar nan taki ta sha ruwa, laushi kamar gari. Masarar na sa ta bakin katanga."

"Inna, miƙo ƙafarki."

"Me ya faru?"

"Miƙo dai."

Ta ɗora ƙafar a cinyarta, ta zuba ruwan buta. Da taɓon ya wanke sai ga shi, koren gilashin kwalba ya shige diddigen dama, ɗan bakinsa kawai ya rage a waje, naman wurin ya dare, baƙar ƙasar nan ta cika ciki. Da shi ta rufe rabin gonar.

"Ƙaya ce?" in ji Inna. "Ban ji komai ba."

A asibiti likita ya cire gilashin, ya daɗe yana wanke wurin. Ya tambayi inda ta taka, Zakiyya ta ce a lambu. Ya ɗago ya dube ta, ya ce ai ya yi magana a kan takalmi. Sannan ya ce ciwo a ƙafar mai suga ba abin wasa ba ne, kullum sai an kawo ta wanki, ba tafiya ko'ina har sai ya rufe, kuma a yi addu'a ya rufe ɗin, don in ya ƙi, magana ce ta daban. Aikin ido kuwa a manta da shi tukuna.

Badaruddeen ya iso ya ɗauke su. Inna ta yi barci a kujerar baya. Suna cikin tafiya ya rage murya ya ce, "Allah ya sa haka ne mafi alheri. Yanzu dai maganar komawa ƙauye ta mutu."

Zakiyya ta juya ta dube shi, ta ji ƙyamarsa ta kama ta har ta matsa jikin ƙofa. Amma tun a gaban likita, lokacin da ya ce ba tafiya, ita ma abin da ya fara zuwa mata ke nan, har ta ji wani sanyi a ranta kafin ta kama kanta.

Gonar ta yi kyau, abin haushi. Kuɓewa ta fito da faɗin ganye, rama ta yi duhu, masara ta kama katanga. Har da tumatir da ba wanda ya shuka, ya tsiro ko'ina, kuma Zakiyya ta san ta inda irinsa ya biyo kafin ya iso juji. Kowane ruwa sai ya wanke saman kunyoyin ya tono abin da ta binne, ledoji da gashi da farin famfas a gindin kowace shuka. Ba ta iya kai ko ganye ɗaya bakinta. In Inna ta ce tana marmarin kwaɗon ramar gonarta, sai Zakiyya ta sayo a kasuwa ta ɓoye a jaka, ta zagaya filin baya ta ɗan jima, sannan ta shigo da ita a hannu.

Ciwon bai rufe ba, bai kuma ƙaru ba. Jakar kayan Inna an kwance ta, an jera a durowa.

Wata yamma bayan an dawo daga wanki, Zakiyya ta fito da ita ta zaunar a bakin filin, ƙafar a naɗe da bandeji a kan matashi. Inna ta ce a tsinko mata ganyen kuɓewa ta ji. Zakiyya ta tsinko da yatsu biyu, ta wanke, ta miƙa mata. Tsohuwar ta shimfiɗa shi a tafin hannu, ya rufe tafin har ya yi saura.

"Kin gani? Ko a gida ban taɓa samun irin wannan ba. Ashe garin naku yana da abin arziki." Ta shafa ganyen a hankali. "Ki gaya wa yaron nan, baɗi in Allah ya kai mu, tifa biyu za a kawo. Tun da wuri, kar a yi irin ta bana."

Baɗi. Kalmar da Zakiyya ta yi wata da watanni tana roƙon Allah ta ji daga bakin nan. Ta dubi bandejin, inda ɗan ruwa-ruwa ya fara ɓullowa ta wajen diddige, ƙuda ɗaya ya taso daga cikin kuɓewar ya sauka a kai. Ta kore shi, ya dawo.

"Kin ji ni, Auta?"

"Na ji, Inna."